Gwaggo Mai Awaki da Maganar da Na Haɗiye

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai abu ya karɓi abinsa. Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun daga yaye har ranar da aka kai ni ɗakin miji, ta rasu wata Laraba da hantsi a ƙauyenmu da ke ƙasar Dakusa. Ina buro, wurin aikina a Damagaram, aka kira ni a salula. Kafin in sami mota in isa, an riga an kai ta makwancinta, maza sun dawo daga kushewa suna zazzaune bisa tabarmi a ƙofar gida.

Da na shiga cikin gida sai na tarar da abin da ban taɓa gani a gidan rasuwa ba. An saba mace ta zo gaisuwa da ɗan hatsi a ƙwarya ko goro a bakin zane. Waɗannan kuwa, da yawansu da damin harawa suka zo a ka. Mace ta shigo da sallama, ta wuce kai tsaye bayan ɗaki inda awakin Gwaggo ke ɗaure, ta sauke daminta, sannan ta dawo ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri?" Kafin la'asar harawa ta yi tsibi har ta kusa rufe danga. Wasu daga tungaye masu nisa suka tako da ƙafa cikin ranar nan.

Wata Bafillatana mai tallan nono, wadda shekara da shekaru suna wasan Fulani da Barebari ita da Gwaggo, don mu Barebari ne, ta tsaya a bakin ɗakin tana cewa, "Baiwata ta gudu ba ta sallame ni ba. Wa ya ba ta izini?" Aka ɗan yi dariya, ita kuma sai ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Wata da mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa biyar ta ƙi zama cikin mutane, ta koma gindin turke ta zauna tana shafa wuyan akuya har ta tafi.

Ni ce ɗiyar gida, saboda haka kowa wurina yake ƙarewa. Kusan bakinsu ɗaya.

"Sannu da haƙuri. Allah ya jiƙanta. Ai ba ta mutu ba tunda ta bar ki. Ke kika gaji sanin awaki, har a rediyo muna jin ki."

Ina cewa amin, kaina a sunkuye. Su suna zaton kukan rashi ne ya hana ni ɗaga ido. Akwai na rashi, amma wanda ya fi nauyi kunya ce. Dalilin da ya sa na ɗauki bik na zauna rubuta wannan ke nan. Ina so a san ko wace ce Gwaggo, kuma ba yadda za a san ta sosai in ban faɗi abin da na yi mata ba.

Ƴar ƙaramar mace ce, mai saurin tafiya, mai ƙaramar murya. Ta haifi uku, babu wanda ya kai yaye, shi ya sa Baba ya ba ta ni. Mijinta ya rasu ina aji biyu a lakwal, wato makarantar boko, ba ta sake aure ba. Abin da ta riƙe shi ne jajayen awakinta. Kowace da sunanta, da Kyalla da Mai Geza da Ƴar Baƙa, kuma in ɗaya ta mutu sai jikanyarta ta gaji sunan. Duk shekara in an kusa komawa lakwal sai ta kai taure ɗaya kasuwa, ta dawo mini da kaye, littafin rubutu, da bik da takalmi. Ita ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma takan buɗe kayena ta duba ko jan bik ya yi yawa.

Wata safiya ina sauri kada in makara, ta ce in ba awaki harawa kafin in tafi. Na ɗebo na watsa musu a ƙasa na ɗauki jakata. Har na kai zaure ta kira ni.

"Dawo. Zauna nan ki kalla."

"Gwaggo, za a buge ni."

"A buge ki. Zauna."

Na zauna bisa kifaffen turmin da take zama kullum. Kyalla ta zo ta sunsuna, ta tsinci ganye biyu, ta taka sauran. Wata ta zo ta yi fitsari a gefe. Daga nan babu wadda ta ƙara kai baki, suka tsaya suna kallonmu suna kuka.

"Kin gani? Ke in an zuba miki tuwo a ƙasa an taka, za ki ci? Tunkiya za ta ci. Akuya sai ta kwana da yunwa."

Ta ɗauko wani dami ta ɗaure da igiya, ta rataye a rumfa daidai tsayin wuyansu. Suka miƙe da ƙafafun baya suna fizga har ya ƙare. Ranar na sha bulala biyar a lakwal, ita kuma da na dawo ta dama mini fura da nonon Kyalla, ba ta ce sannu ba.

Haka take kallonsu kullum, kamar yadda wasu ke sauraren rediyo. Ta san wadda ke fara kai baki da wadda ake ture wa sai an ware ta. Da kaka in an cire amfanin gona, ba ta taɓa ajiyarta, tana barin awaki su yi kiwo a kara. In fili ya share sai ta fara da harawar gyaɗa, don ita ce mai saurin zubar da ganye. Harawar wake ta masu ciki ce da masu shayarwa. Gadagi, ciyawar nan mai yaɗo da ake tugewa ƙarshen damina, shi take ɓoyewa can ƙuryar rumbu, ba ya fitowa sai bazara ta matsa ko wata ta kwanta ciwo. Kafin ta ba su kowace harawa sai ta murza ganye a tafin hannu ta sunsuna, wani lokacin har ta tauna. In ta ji ta bushe da yawa sai ta yayyafa mata ruwan kanwa tun la'asar, ta rufe da tsohuwar tabarma, kafin safiya ta yi laushi. Na sha jin mata na tambayarta me akuya ta fi so da rani. Amsarta ba ta canzawa: "Wace akuya? A wane wata?"

Sau ɗaya na ga ta yi faɗa har garin ya taru. Akwai wani babban gawo a gonar gado, wanda ke zubar da ƴaƴa tsakiyar rani. Gwaggo ke tsince su, ta daka, ta gauraya da dusa ta ba masu shayarwa. Baba ya yi shawara da wani masassaƙi za a sare shi a fitar da turame. Ba a gaya mata ba, sai dai ta ga masassaƙi ya wuce da gatari. Ta bar tukunya a wuta ta bi shi. Kafin ya gama naɗe hannun riga ta je ta zauna ta jingina da itacen.

Baba ya zo yana huci. "Yaya, ki tashi. Gonar nan ni ke noma ta."

"Kai ke noma ƙasa. Itacen wa ya shuka? Kai?"

"Babu wanda ya shuka shi."

"To babu wanda zai sare shi. A zamanin sarakunan Damagaram na da, wanda ya sare gawo ba ya kwana da kansa. Yanzu da babu mai hana ka, ga ni."

Baba ya yi rantsuwa ba zai ƙara taka gidanta ba. Wata biyu ba ya gaishe ta. Da bazara ta yi tsanani tumakinsa suka fara faɗuwa, sai ga buhun ƴaƴan gawo dakakke a zaurensa, babu saƙo. Washegari ya zo gaishe ta da asuba kamar yadda ya saba, ba wanda ya tayar da maganar. Gawon yana nan har yau.

Ba ta iya ganin mace babu akuya. In an kawo amarya unguwa, ko miji ya mutu ya bar mace, sai ta ja ƴar akuya ta kai mata, ta ce, "Riƙe mini. In ta haihu sau biyu ki dawo da uwar." Sau da yawa uwar ba ta dawowa, ita kuma ba ta tambaya.

Wannan ce matar da ta raine ni. Yanzu ga abin da na yi.

Na gama karatun kiwo, na yi aure a unguwar Birni ta Damagaram, na shekara biyu ina zaman gida babu aiki. Sai aka ɗauke ni gwaji na wata shida a wani furoje, wato shirin raya karkara, da ke son shigo da wani irin wake mai suna dolik, wanda ake nomawa don ganyensa, ba don tukunya ba. Aka ce a nemi ƙauyen da mata ke da awaki a gwada a ga wanne abinci suka fi so. Ni na kawo sunan ƙauyenmu, don na san Gwaggo ba za ta hana ni awakinta ba. Amma ban gaya wa kowa a buro cewa gwaggota ce ba. Na ce akwai wata tsohuwa da mata ke jin maganarta.

Gwajin ba shi da wuya. Daro huɗu ake jerawa, ɗaya harawar wake, ɗaya ta gyaɗa, ɗaya gadagi, ɗaya dolik. A auna kowanne a sikeli, a saki awaki awa guda, a sake auna abin da ya rage. Harawar wake da ta gyaɗa da gadagi na Gwaggo ne, sun wata huɗu a ajiye. Dolik kuwa a mota muke zuwa da shi daga gonar furoje, kore shar, yana ƙamshi. Da an kwance awaki sai su yi kansa. Ni kuma ina tsaye ina cika kaye da lambobi, raina fari.

Kwana na biyu Gwaggo ta tashi daga turminta ta ɗebi dolik ta murza ta sunsuna.

"Wannan a ina aka shanya shi?"

"A magaza, Gwaggo. Babban ɗaki ne mai rufin kwano."

"Rana ba ta taɓa shi ba ke nan. To mu wa ke da irin wannan ɗakin? Ɗiyata, wannan gwajin naku bai yi adalci ba."

Na ce, "Gwaggo, wannan aikin ilimi ne. Sikeli ba ya ƙarya."

Ta ce, "Ba ya ƙarya. Sai dai abin da kika ɗora masa kaɗai ya sani."

Na yi dariya na ci gaba da rubutu. A raina na san maganarta tana da ƙamshin gaskiya, amma sakamakon yana tafiya yadda shef ɗina, shugabanmu a buro, ke so, kuma wata shidan nan sun kusa cika.

Ranar ƙarshe aka zo da baƙi biyu daga wajen masu ba da kuɗin aikin, wata nasara da wani mutumin ƙasashen bakin teku, babu mai jin Hausa a cikinsu. A mota shef ya ja mini kunne, ya ce lokacinsu kaɗan ne, kada a ja magana, sakamako a bayyane yake. Da muka isa shi ya tafi da maigari duba filin da za a ajiye iri, ya bar ni da baƙi da matan gari a tsakar gidan Gwaggo. Ba a gaya mata ranar za a zo ba. Mun same ta tana dakan ƴaƴan gawo, da tsohon zanen aikinta, hannu duk dusa. Ta tare ni da murna za ta rungume ni, na ja da baya na gaishe ta kamar yadda ake gaida kowace tsohuwa. Da nasarar ta tambaye ni ko wace ce, na ce ita ce mai awakin.

Aka saki awaki, suka yi abin da suka saba, baƙi suka ɗauki hoto. Sai nasarar ta ce in tambayi mata ko akwai mai magana. Na tambaya a gaggauce, ina fatan a yi shiru. Gwaggo ta miƙe, ta goge hannu a zane. Ga abin da ta faɗa, ban manta ko kalma ɗaya ba.

"Ki gaya musu mun gode da suka tako. Ki ce ganyen nan mai kyau ne, ba na kushe shi. Amma nasu a inuwa ya bushe, namu wata huɗu yana shan rana bisa rumfa, ko ni ce akuya nasu zan zaɓa. Ki ce su duba karansa, ya fi na wake kauri. In ya sha rana irin tamu ganyen zai kakkaɓe ya bar mu da itace, akuya kuwa ba ta cin itace. Kuma na tambayi direbansu ya ce waken nan yana daɗewa bai nuna ba. Mu nan da an gama girbi ake sakin dabbobi, ba za a jira mu ba. Su bar mini dami biyu in ajiye yadda muke ajiya, su dawo cikin bazara mu sake tambayar awaki. In sun ci a lokacin, ni zan fara shukawa. Kafin nan kada a sa mata su bar wakensu, don wake mu ci ƙwaya, su ci ganye."

Mata suka yi ta gyaɗa kai. Nasarar ta juyo gare ni da bik a hannu tana murmushi.

Na buɗe baki na ce da Faransanci, "Ta ce sun gode ƙwarai, awaki sun ji daɗin sabon abincin, suna roƙon a kawo iri da wuri."

Baƙi suka tafa. Da mata suka ga an tafa, su ma suka tafa. Gwaggo ba ta tafa ba. Ta dube ni ɗan lokaci, ta gyara ɗaurin zane, ta koma bisa turminta.

Za mu tafi ta biyo ni bakin mota da cuku a ƙunshe cikin leda, irin wanda take yi mini tun ina ƙarama. Ta miƙo mini, ta ce a hankali yadda ba wanda zai ji, "Ashe Faransanci gajere ne haka. Na yi magana ta kai dakan turmi guda, ke kin gama kafin in zauna."

Na ce, "Haka yarensu yake, Gwaggo."

Ta ce, "To."

An ɗauke ni aiki na dindindin kafin damina. Aka kawo iri, aka raba. Mata sun ji gargaɗin Gwaggo da kunnensu, amma sun ga masu ilimi sun saurara sun tafa kuma sun kawo irin, sai suka ɗauka an auna maganar an ga babu komai. Da yawa suka shuka dolik a gamanarsu, ƴar gonar da mace ke nomawa don kanta, inda da suke shuka wake. Ya yi kyau a gona, ya rufe ƙasa, har wasu suka ga babu amfanin wahalar tugar gadagi a shekarar. Aka gama girbin hatsi yana nan ɗanye. Da maigari ya sa aka yi shelar ranar sakin dabbobi, suka yanke shi a gurguje suka jibga bisa rumfuna da rufin ɗakuna. Kafin tsakiyar rani ganyen ya kakkaɓe, iska ta kwashe, ya bar kara. A shekarar kuma ruwa ya yi jinkiri. Awaki suka rame, masu ciki suka yi ta ɓari, nono ya ƙafe, ƴaƴan da aka haifa suka bi.

Labarin ya zo mana buro. Aka rubuta rahoto cewa irin ba shi da laifi, matan ne ba su iya ajiya ba. Aka kawo mini na sa hannu.

Duk ranin nan ban taka ƙauye ba. Ina aika sukari da sabulu, ina cewa aiki ya yi yawa. Sai da babbar Salla na je. Na leƙa bayan ɗaki na ga turaka a tsaye babu komai, awaki huɗu kaɗai suka rage cikin garken da na sani. Babu Kyalla, babu Mai Geza.

"Gwaggo, ina awaki?"

"Rani ya yi tsawo," in ji ta. Ta tambaye ni lafiyar maigidana.

Ban ƙara tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Bayan shekara biyu wancan furoje ya ƙare, na koma wani. Aka ce in tsara yadda za a koya wa mata ciyar da awaki da rani. Na zauna na rubuta duk abin da na gani a tsakar gidan Gwaggo: a rataye harawa kada a zuba a ƙasa, a fara da ta gyaɗa, a ajiye gadagi sai bazara, a daka ƴaƴan gawo da dusa, dolik kuma a shuka shi kaɗan a gefen wake, a yanke shi da wuri a shanya a inuwa. Aka yaba ƙwarai. Aka tura ni ƙauyuka ina koyarwa, aka kai ni Yamai na yi bayani gaban manya, aka riƙa sa ni a rediyo. Ko sau ɗaya ban ce ga wadda ta koya mini ba. Ba mantawa na yi ba. In na ambace ta, sai na ga kamar za a tambaye ni me ta ce a wancan karon.

Wani zuwa da na yi, muna zaune tana tsince wake a faifai, ta ce, "Na ji ki a rediyo ran Jumma'a."

Na ce, "Kin ji, Gwaggo?"

"Na ji. Na tara mata muka saurara. Kin faɗa daidai, muryarki ta fita tas. Sai dai kin manta da ruwan kanwa."

A shirin da ya biyo baya na saka ruwan kanwa. Sunanta dai ban saka ba.

Zuwana na ƙarshe, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kaiwa turmi sai an riƙe ta. Tun daga Damagaram na ɗaura niyya yau zan faɗa. Na zauna bakin tabarmarta ina matsa mata ƙafa, na ce, "Gwaggo, ranar nan da baƙi suka zo, da kika yi magana..."

Ta ce, "Waɗanne baƙi? Tashi ki duba mini, kamar na ji wata ta tsinke igiya."

Babu wadda ta tsinke igiya, ni ma na sani. Amma na tashi da sauri, har da jin sauƙi a raina. Na yi ta zagaye a bayan ɗaki har aka kira la'asar, na dawo na yi mata sallama na ce sai wani makon. Sati uku ban koma ba. A na huɗu aka kira ni.

Ranar sadakar bakwai, bayan an watse da rana, na je gidan aminiyarta, tsohuwar da suka yi ƴan matanci tare, wadda nake kira Inna. Na same ta a inuwar rumbu tana kaɗi. Na durƙusa na ce ina da magana, na fara ba ta labarin ranar baƙi tun daga farko. Ban kai rabi ba ta ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗiyata. Kina zaton ba mu sani ba?"

Ta mayar da hannu kan mazarinta ta ci gaba.

"A ranar ba mu gane ba. Amma da awaki suka fara mutuwa aka zauna aka yi ta tuna baya. Ƴaƴanmu ma suna zuwa lakwal, akwai waɗanda suka ji abin da kika ce. Mata suka fusata. An shirya mutum biyar za su shiga mota su je Damagaram su faɗa gaban shef ɗinku, ni ce ma zan ja su."

"Me ya hana, Inna?"

"Ita. Ta bi mu gida gida. Ta buɗe rumbunta ta raba gadaginta da harawarta da ƴaƴan gawonta har ƙasa, nata awakin suna kallo. Wadda uwar garkenta ta mutu, ta ja tata ta kai mata. Kyalla tana gidan waccan mai marayu biyar, jikokinta ne awakin da ke turkenta yanzu. Ba rani ya ci awakin gwaggonki ba. Ta ce duk wadda ta kai ƙararki, ko ta tayar miki da maganar, kada ta zo gawarta."

Na ce, "Ta yi fushi da ni?"

Inna ta ajiye mazari ta dube ni.

"Na tambaye ta haka. Na ce yarinyar da kika raina ta mayar da ke bebiya gaban baƙi, ba ki ji zafi ba? Can ta ce, 'Yarinya ce, sabon aiki ne, kuma kunyata ta ji. Ba ki ga yadda suka same ni ba? Da an gaya mini za su zo, ai da na wanke hannu na canza zane.'"

Ban san lokacin da na kifa kaina a cinyar Inna ba. Ta bar ni na yi kukana har na gaji, ba ta ce in yi haƙuri ba. Da na ɗago ta ce, "Tashi ki wanke fuska. Ta riga ta yafe miki tun ba ki roƙa ba. Sauran na matan nan ne, su kuma suna da rai."

Washegari na fara bin matan gida gida ina neman gafararsu, daga gidan mai marayu biyar.

Ya Allah, ga Gwaggo nan ta zo gare ka. Ka yafe mata, ka yalwata mata makwanci, ka sanyaya shi, ka rufa mata asiri ranar tsayuwa kamar yadda ta rufa mini nawa. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya ce amin.